Watanni Shidan da Ban Auna Ba

Zongo, Paraku

Zuwa ga 'yata Hadiza, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya cikin mota, kayanki ɗaure da kyau a sama, direban kuma mai hankali, ba irin masu tsere da kamiyon auduga ba. Allah Ya kai ki Jugu lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin biro, wato ofis, wanda a sanina ya fi na hanya.

Na ce kada ki buɗe sai kun fita daga gari, don na san halinki. Da kin karanta a tasha sai ki sauko da akwatinki ki ce sai mun yi magana. Ni kuwa ba na so ki sauko. So nake ki tafi.

Ranar da kika shigo da takardar aikinki kina murna, kika ce an tura ki biron gyaran ƙasar noma na Jugu, inda na yi aiki. Kika ce aikin farko da za a ba ki shi ne ƙarasa fadamar Gwaza, wato a ja kanal, magudanar ruwa, zuwa rabinta na sama, wanda ni ban taɓa ba. Kika ce, "Baba, dosiyenka yana nan. Sun kai alƙalumanka Kwatano sun saka a na'ura, ta ce ruwa zai isa har ƙarshen rani. In na duba, sa hannuna kawai ake jira." Na ce madalla. Kin ga na tashi na ce zan je alwala. Alwalata ba ta karye ba, Uwata. Fuskarki ce na kasa kallo.

Abin da ya kamata in faɗa a ranar shi ne zan rubuta yanzu. Rabin alƙaluman da ke cikin dosiyen nan, wato fayil ɗin aikina, ƙarya ne, kuma ni na yi ta da hannuna. Idan kika sa hannu a kansu, abin da ya rage na fadamar zai bushe kamar yadda rabinta na ƙasa, wanda na gyara, ya bushe, gidan kakarki da unguwarsu su rasa ruwan da ya rage musu. Ki yi haƙuri ki karanta yadda aka yi, don ba na so ki tsane ni kafin ki fahimta, ba na kuma so ki yafe mini kafin ki fahimta.

Kin san ni ne yaron Zongo na farko a layinmu da aka kai lekol, makarantar boko. Kakanki falken goro ne, mutane suka ce ya sayar da ɗansa ga Nasara, bai kula ba. Na yi Porto-Novo, na yi Wagadugu, na dawo da farar riga da alƙalami uku a aljihu. Na iya lissafin yadda ruwa ke gudu a gangare, yawan da ƙasa ke sha, yawan da rana ke ɗauka. Ilimi ne na gaskiya, har yau ban raina shi ba. Abin da na raina shi ne duk wanda bai zauna a bencin lekol ba. In tsoho ya yi mini magana a kan ruwa, kaina nake gyaɗawa, zuciyata tana gyara masa nahawun Faransanci da bai ma yi ba. Ke ma kin dawo da takardarki, na ga yadda kike kallon matan gidanmu in suna maganar damina. Irin kallona ne na da. Ki cire shi kafin ki sauka daga motar nan.

Na fara ganin fadamar Gwaza a lokacin da damina ke ja da baya. Kwari ne dogo a bayan gari, ruwa kwance a tsakiyarsa, ba ya gudu ba ya kuma tsaye. Bado ya rufe shi. Tukurwa daga gefe biyu sun haɗa kai har rana ba ta sauka sosai, in ka shiga sai ka ji sanyi a wuyanka. Gwaza a bakin ruwa, ganyenta kamar faifai. Da safe balbelu su jeru fari fat, mata na wanki, can ƙasa masu tukwane na haƙar yumɓu. In rani ya yi Fulani su gangaro da shanu ta wata hanya da kowa ya san tasu ce, ba mai shuka a kanta. Tsakiyar fadamar kuwa ba a nome ta. Mutanen ƙasar, ƙabilar Yom, suna da wani tsoho mai riƙe da ita, shi ke faɗin ranar da za a shiga su, rana ɗaya tak a shekara, kafin nan ba mai jefa ko ƙugiya. Mu musulmin gari muna ce wa abin camfi, amma ba ma ƙin tarwaɗar.

A nan na ga mahaifiyarki. Tana cirar albasa a lambun uwarta, ni kuma na zo da sandar awo, na taka mata fangali guda da takalmina ban ko lura ba. Ta ɗago ta ce, "Malam mai takalmi, albasar nan ba ta yi lekol ba, amma tana jin zafi." Ƙawayenta suka fashe da dariya. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar shamuwa, na rasa inda zan sa ta. Ko yanzu in na rufe ido, wurin nan nake gani, da warin albasa da laka, da ita tana goge hannu a zaninta. Babu ranar da ba na zuwa can a raina. Da ƙafata kuwa, rabona da bakin fadamar tun kafin mu bar Jugu.

Kina da shekara tara ko goma aka aiko daga Kwatano cewa juyin juya hali na bukatar shinkafa. Kowace fadama a gyara ta, a fitar da ruwan da ke kwance a banza, a yi filaye. Haka suka rubuta, a banza. Ni ma na yarda. Kada ki ɗauka tilasta ni aka yi. Na yi farin ciki, don a karon farko an ce wa ɗan Zongo ga ƙasa, ka zana. Muna gaisawa muna kiran juna kamarad, muna ɗaga hannu, ina jin kamar duniya ce za mu wanke mu shanya.

Na kafa kwalbar awon ruwan sama, na kafa sanduna masu ja da fari a cikin ruwa, ina zuwa ina karantawa ina rubutawa a littafin awo. Daga farkon damina zuwa kaka na yi wannan da gaskiya, ko ana ruwa ina zuwa. Amma motar biro da man da take sha na lokacin noma ne kawai. Da an girbe sai a kulle ta, mu kuma a tura mu tarurrukan wayar da kai da rakiyar masu awon auduga. Don haka daga kaka zuwa faɗuwar sabon ruwa, wata shida, ban karanta sanda ko sau ɗaya ba. Yanzu ki ji abin kunyar. Daga gidanmu zuwa fadamar bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Mahaifiyarki tana zuwa kullum, wani lokaci da ƙaninki a baya. Ni ban je ba, don injiniya ba ya zuwa aiki da ƙafa. Ina tsoron a gan ni da ƙura a wando a ce karatun bai yi rana ba. Wannan ne dalilin, babu wani. Ke dai, in sun ce miki babu mota, ki sa takalmin roba ki tafi. Fadama a damina kowa mai arziki ne a cikinta. Halinta na gaskiya a rani yake fitowa, kuma mutanen da ke rayuwa da ita a rani suke bukatarta.

An gaya mini, kada ki ce ba a gaya mini ba. Kakarki Iya Ladi tana da rijiya a lambunta, igiyar guganta duk ƙulli ne, kowane ƙulli ta san watansa. Amma ni surukinta ne, ba ta kallona, ba ta kiran sunana, in na zo gaisuwa a zaure nake tsayawa ita tana ciki. Sai ta yi maganar da ke. Wataƙila kin manta. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Ke ƙawata, je ki gaya wa baƙon nan na zaure, in awo yake so ya zo lokacin da kuka ta zubar da ganye kwaɗi suka yi shiru. Yanzu ko makaho ya san akwai ruwa." Kika fito da gudu kika maimaita mini kina dariya. Ta sake cewa, "Ki kuma tambaye shi, ruwan rijiyata a bazara daga ina yake zuwa, tunda sama ba ta ba ni ko ɗigo?" Na ce, "Ki ce wa Iya an gode, akwai lissafi." Na ji ta daga ciki ta ce, "To. Allah Ya sa lissafin yana da guga."

Tambayarta ita ce dukan ilimin da nake bukata. Ruwan da ke kwance a tsakiya, wanda takarda ta kira na banza, shi ke nutsewa a hankali cikin ƙasa wata da watanni, ya bi ta ƙarƙashi ya fito a rijiyoyi. Ciyawa da tukurwa da laka su ke riƙe shi kada ya gudu. Na karanta wannan a Wagadugu, na ma ci jarrabawa a kansa. Da farfesa ne ya tambaye ni da na amsa daidai. Amma tsohuwa ce ta tambaya ta bakin yarinya, sai na ɓuya a bayan kunyar surukuta, na ce ai ba ya kamata in yi jayayya da ita. Kunyar nan ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta hana ta fito ta tsaya a gabana ta ce mini kai wawa ne. Uwata, a aikinki mutane da yawa ba za su iya gaya miki magana kai tsaye ba, wasu don kunya, wasu don tsoron delege, wakilin gwamnati a unguwa, wasu don ke mai takarda ce. Za su faɗa a kaikaice, cikin wasa, ko su gaya wa na kusa da ke. Ki bi irin wannan maganar har gida, ki zauna a tabarma, ki ce a maimaita miki.

Da lokacin miƙa dosiye ya yi, darektanmu ya kira ni. Ba mugun mutum ba ne, shi ma tsoro ke cinsa, kullum yana shan maganin ciki. Ya juya takardun ya ce, "Kamarad Ilyasu, Kwatano na son wata goma sha biyu. Ka ba ni shida. Ina sauran?" Na ce babu mota a rani. Ya ce, "Ba kai ka yi Wagadugu ba? Me aka koya maka in ba cike gurbi ba? Ko so kake in rubuta musu cewa a Jugu juyin juya hali yana jiran rani?" Ban ce masa a ba ni shekara ɗaya ba. Da na ce, wataƙila ya ƙi, amma ban ce ba. Na koma teburina na ɗauko wani littafi mai alƙaluman wani kwari na wata ƙasa, da ƙasarsa daban da ruwansa daban, na ja layi mai lanƙwasa mai kyau daga kaka zuwa damina, na karanta lambobi a kan layin na cike gurabun. Kafin azahar na gama rani guda. Mai buga tafireta ta buga. Da takarda ta fito, lambar da na tsaya cikin ruwa har gwiwa na karanta da lambar da na ƙaga a kujera duk baƙinsu ɗaya, ba mai iya bambanta su.

Waɗannan ne aka ba na'urar Kwatano. Ban taɓa ganin na'urar ba, kin ce tana yin lissafin wata guda kafin a sha shayi, na yarda. Amma ba ta taɓa zuwa Jugu ba. Abin da aka ba ta shi take juyawa ta mayar, da tsabta. Ƙaryata ce ta dawo miki sanye da sababbin kaya. Duk lokacin da aka miƙo miki lamba, ki tambaya wa ya karanta ta, a wace rana, ƙafarsa ta jiƙe ko ba ta jiƙe ba. In ba a san amsa ba, ki rubuta ba a sani ba. Na daɗe kafin in gane cewa gurbin da aka bari fari ya fi daraja a kan wanda aka cike don a faranta wa na sama.

Akwai abin da na san kina tunawa, don kin sha faɗa cewa shi ya sa kika zaɓi wannan karatu. Ranar da baƙi suka zo daga Kwatano, na gina musu fadamar a tsakar biro, 'yar ƙarama kamar tabarma biyu, da siminti, na shafa koren fenti, na ja kanal a tsakiya. 'Yan lekol suka yi waƙa, kina layin gaba da kakinki. Na ɗauki buta na zuba ruwa daga sama, ya bi kanal sumul ya faɗa bokiti a ƙasa, filayen suka tsaya a bushe tsaf. Aka yi tafi. Kin ce ba ki taɓa ganin mutum mai kyau kamar ni a ranar ba.

Abin da ba ki ji ba, don kina gaba, kawunki Sule ne a baya. Ƙanin matata ne, yana da damar yi mini wasa, ya kuwa yi. Ya ce, "Malam injiniya, duka ruwan ya fita?" Na ce duka, da alfahari. Ya ce, "Ko kaɗan bai tsaya ba?" Na ce ka duba bokiti. Ya ce, "To mu a bokitin za mu koma da zama?" Mutane suka yi dariya, delegen unguwa ya harare shi. Siminti ba ya shan ruwa, Uwata. Na gina abin da zai nuna abin da nake so a gani, na kira shi fadama. Irin wannan kwaikwayo, na siminti ne ko na lissafi ko na na'ura, yana da amfani in kin riƙe shi a matsayin tambaya, kika je wurin kika duba ko ya faɗi gaskiya. Ranar da aka yi miki tafi a kansa, a ranar ki fara tsoro.

Katafila ta zo da rani, ita an samo mata mai. Ta tumɓuke tukurwa, ta tsaga tsakiyar da ba a taɓa nomewa ba. Cikin lakar da ta juyo akwai gaiwa, sun naɗe cikin ƙasa suna jiran damina, da ransu. Mutane suka yi ta tsinta. Tsohon nan mai riƙe da fadama ya zo ya zauna a kan wani dutse yana kallo. A lokacin ana kama irinsu a ce bokaye ne masu ja da baya, don haka bai ce komai ba. Da rana ta take ya tashi ya tafi. Ban gaishe shi ba. Ban ma san sunansa ba, kuma na yi shekaru ina aiki a kan ƙasar da yake riƙe da ita.

Shekarar farko shinkafa ta yi kyau, aka ɗauke ni hoto a cikinta. Ta biyu, ruwan sama ya taru a kanal ya sauko da ƙarfin da ba a san shi da shi ba, ya ci gefen kanal ya zama kwazazzabo, ya kwashe doyar mutanen ƙasa. Da rani ya zo rijiyoyin rabin ƙasa suka kafe tun kafin zafi ya yi ƙarfi. Ta Iya Ladi ta riga sauran. Ƙasar filayen ta yi ja ta yi tauri, fartanya na tsalle a kanta. Fulani suka zo ba su tarar da hanyarsu ba, suka bi ta lambuna zuwa ruwan da ya rage a sama, aka yi faɗa, aka fasa wa wani kai. Mutanen da suka yi shekaru suna musayar nono da gwaza suka daina gaisawa. Daga Kwatano kuwa ba wanda ya dawo ya duba. Sun riga sun samu hotonsu. An rubuta cewa manoma ne ba su da wayewa, ni na buga hatimi a kan rahoton.

Mahaifiyarki ba ta taɓa ce mini kai ka yi ba. Da ta faɗa da na samu abin musu. Sai dai ta fara dawowa gida a makare, wuyanta a sage, don tana taya uwarta ɗauko ruwa daga sama. Na kasa jure ganin haka, amma maimakon in gyara sai na gudu. Na nemi a mayar da ni Paraku, na ce muku ƙarin girma ne. Ajiye ni aka yi a ɗakin tsofaffin takardu, can na zauna har suka sallame ni. Mahaifiyarki kuwa Paraku ba ta taɓa karɓarta ba. Tana zaune a Zongo cikin dangina, ƙarar jirgi da kamiyo a kunnenta, in na sayo gwaza a kasuwa ta ɓare ta ɗanɗana ta ce, "Wannan a tudu ta girma, ba ta san ruwa ba." Kowace shekara ta ce mu je gida, in ce aiki. Sai ta tafi ita kaɗai.

Da ciwonta ya yi tsanani ta ce a kai ta wurin uwarta. Na sa ta a mota tare da ke, na ce zan biyo baya. Kin san ban biyo ba sai da aka aiko. Bayan an dawo daga maƙabarta na zauna a zauren nan dai. Iya Ladi ta aiko mini da ruwa a kwano. Ja ne, laka kwance a gindinsa, na san daga inda aka ɗauko shi da nisan wurin. Ba ta haɗo da saƙo ba. Na shanye duka. Na koma tasha ta hanyar kasuwa, don kada in bi ta bakin fadama.

Kada ki yi irin gudun nan. In kin yi kuskure a aiki, kuma za ki yi, ki zauna kusa da shi inda mutane za su iya nuna miki shi da yatsa. Ni na bar matata ta mutu ba na kusa don ina tsoron ganin wani kwari.

Yanzu ga abin da nake roƙo. In kin sauka, kafin biro ki fara zuwa gidan kakarki. Ta tsufa ƙwarai, an ce ba ta gani sosai, amma kanta garau yake. Ke jika ce, babu kunya tsakaninku, ki tambaye ta komai. Ki sa Kawu Sule ya zaga da ke rabin sama, ya nuna miki rijiyoyin da ke da rai da inda shanu ke sha yanzu. Ki nemi wanda ya gaji tsohon nan, ki gaishe shi, ki san sunansa. Sannan ki ce wa darektanki ba za ki sa hannu ba sai kin auna rani guda cikakke, sanduna da rijiyoyi duka. Ban ce kada a yi shinkafa ba, mutane na jin yunwa. A gefe ake yin ta, da 'yan ƙananan bangaye na ƙasa masu rage wa ruwa gudu, a bar tsakiya da ciyawarta da tukurwarta, a bar wa shanu hanya. Aikinmu a fadama jinkirta ruwa ne. Ni na ɗauka korarsa ne. Har rabin ƙasa ma, in aka toshe kanal ɗin wuri-wuri da duwatsu, ina jin ƙasa za ta fara sha, ko da ba a zamanina ba. In kin samu sarari ki rubuto mini yadda saman yake yanzu, dalla-dalla, har da tsuntsaye. Kada ki ƙawata mini.

Za su ce miki dosiye ya cika, na'ura ta yi magana, wace ce ke. Don haka na sa abu biyu a ƙasan akwatinki, cikin zanin mahaifiyarki mai ruwan bula. Ɗaya littafin awona ne na asali, mai tabon laka. Ki buɗe za ki ga damina cike da fensir, daga kaka kuma shafuka farare har ƙarshe. Na biyu takarda ce da Faransanci, na rubuta abin da na yi, da littafin da na kwafo, na sa hannu na sa kwanan wata. Ki fara da roƙon a ba ki rani. In sun ba ki, ki bar takardar a akwati. In sun ƙi, ki ɗora su biyun a teburin darekta a gaban shaida.

Na san sunan da ake ba irin wannan a ƙasar nan, zagon ƙasa ga juyin juya hali, na kuma san inda ake kai masu shi. Na yi tunaninsa sosai kafin in sa hannu. Wataƙila su tsorata su rufe maganar su bar fadamar, don hatiminsu ma yana kai. Wataƙila su turo a ɗauke ni. In sun tambaye ki inda nake, kada ki ɓoye, kada ki yi ƙarya saboda ni, an yi isasshiya a gidan nan. Ki ce musu bayan la'asar ina kan benci a ƙofar shagon baffanki, ba sai sun wahala ba. Kuma kada tausayina ya sa ki riƙe takardar a ranar da ya kamata ki fitar da ita. Kin yi shekaru kina alfahari da sunana, na bar ki kina yi don yana mini daɗi. Yau na ba ki shi, ki kashe shi inda zai yi amfani.

Ki gaishe da Kawu Sule da iyalinsa. Iya Ladi kuwa, ki durƙusa ki ce mata baƙon zaure yana gaisuwa, ya ce bai iya amsa tambayarta ba, ya aiko wadda za ta iya.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare ki daga zazzaɓin fadama da macijin ciyawa da harshen manya. Allah Ya ƙarfafa hannunki ranar da za a miƙo miki alƙalami. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya sanyaya makwancinta. Ki riƙe sallarki, ki tafasa ruwan da za ki sha.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ilyasu